Kafin a Kira Katafila: Martani Kan Mazaunin Koyon Zanen Gine-gine a Keffi

Wani marubuci da nake girmamawa, wanda zan riƙa kira da Malam a nan, ya yi rubutu yana neman a sama wa masu koyon zanen gine-gine a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi mazauni sabo fil. A ganinsa, tsohon ginin da ya yi shekaru ana karatu a cikinsa ya gama aikinsa, gyara shi da faɗaɗa shi zubar da kuɗi ne. Abin da ya dace, in ji shi, a kawo katafila ta share wuri, a nemi tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a ɗaga bene mai hawa huɗu ko biyar, fuskarsa duk gilashi, ɗakunansa duk na'urar sanyaya ɗaki, irin waɗanda yaro ke gani in ya shiga Abuja. Ya ce ɗalibin da ake koya wa zana gobe bai kamata a zaunar da shi a cikin jiya ba.

Maganar ta yi daɗi a kunne, kuma na san da kyakkyawar niyya ya faɗe ta. Amma ban yarda da ita ba. Ina ganin in aka bi ta, waɗanda yake wa fafutuka su ne za su fara cutuwa.

Akwai inda Malam ya yi gaskiya, ba zan ɓoye ba. Koyon zanen gini ya bambanta da karatun da malami zai tsaya gaban allo ya yi bayani, a tashi bayan awa biyu. Ɗalibin wannan fanni yana buƙatar teburinsa na kansa, inda zai bar aikinsa ya je ya ci abinci ya dawo ya same shi. Yana buƙatar bango mai faɗi da zai manna zanensa malamai su taru su yi masa tankaɗe da rairaya a gaban 'yan'uwansa. Yana buƙatar wurin yanka katako da kwali don haɗa samfurin gini, da wutar da za ta riƙe kwamfuta har tsakar dare, domin aikin nasu na kwana ne. Jami'ar Keffi kuwa, wadda aka kafa da dokar 2001 a zamanin Gwamna Abdullahi Adamu, ta fara aiki a 2002 a harabar tsohuwar Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Keffi. Ajin da aka gina don a jera benci a fuskanci allo ba zai zama ɗakin zane haka kawai ba. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da Majalisar Rajistar Masu Zanen Gine-gine, wadda aka kafa tun 1969, suna duba wurin aiki kafin su amince da kwas. Buƙatar tana nan, ba wanda ya isa ya musa. Inda muka rabu da Malam shi ne yadda za a biya ta.

Tambayar da bai yi ba ita ce: yaron nan in ya gama, wane aiki zai yi? Mu bi hanyar Keffi zuwa Abuja, tafiyar kilomita hamsin ko sama da haka kaɗan. A Masaka da Ado da Mararaba, har a shiga Nyanya, mutum zai ga gini ya haɗe da gini, kusan babu sarari. Kaɗan ne daga ciki aka zana tun daga tushe aka gina yadda aka zana. Yawanci gida ne aka mayar makaranta, ko shago aka fasa aka haɗa da na kusa, ko gidan ƙasa aka cire masa kwano aka zuba dakin aka ɗora bene saboda 'yan haya sun yi yawa. A cikin garin Keffi ma haka ne, musamman unguwannin da ke kewaye da jami'a, inda kowa ke ƙara ɗaki don ɗalibai. Mutumin da zai fara ƙwanƙwasa ƙofar sabon mai zanen gini ba fili fetal zai kai shi ba. Gidan gado zai kai shi, ya ce: “Ga shi nan, ina so a ƙara mini ɗaki huɗu a sama, zai ɗauka?”

Amsar wannan tambaya ita ce rai ko mutuwa. A ranar 12 ga Yulin 2024 ginin makarantar Saints Academy da ke Jos ya rufta kan yara suna cikin aji, mutum 22 suka rasu. Gini ne tsayayye da ake shiga ana fita kullum. Ƙasar nan tana matuƙar buƙatar mutanen da suka iya karanta ginin da ke tsaye: su dubi tsaga su gane wadda ta tsaya a filasta da wadda ta taso daga tushe, su ga danshi ya hau bango su bi shi har inda ruwa ke kwanciya, su ga kankare ya kumbura su san rodin ciki ya yi tsatsa, su buga ginshiƙi su ji amonsa. Ba a koyon wannan a littafi kaɗai, ba a kuma koyonsa a ginin da fentinsa bai gama bushewa ba. Ɗalibin likita ba ya zama likita sai ya zagaya gadajen marasa lafiya, shi ya sa ake haɗa makarantarsa da asibiti. Tsohon ginin da Malam ke so a rushe shi ne majiyyacin farko da waɗannan yara za su duba, kuma yana ƙofar ajinsu, kyauta.

A nan ne nake ganin gyaran da faɗaɗawar sun wuce maganar samun wurin zama. Su kansu darasi ne. A ce 'yan aji biyu su auna ginin kaf, su zana shi yadda yake, ba yadda aka so ya zama ba. 'Yan aji uku su bi diddigin inda yake yoyo da inda yake tara zafi. Manya su yi gasar zana ƙarin da za a yi masa, malamansu masu rajista su tace su sa hannu. Ranar da za a fasa bango tsakanin aji biyu, su tsaya su ga yadda ake tokare rufi kafin a cire bulo na farko, su ji abin da injiniya ke faɗa da abin da birkila ke mayar masa. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba zai taɓa cewa mai gida “fasa kawai” ba. Gani ya kori ji. In kuwa kamfani ya killace fili da kwano na shekara biyu, ya gama ya miƙa makulli, abin da ɗalibai za su koya daga aikin bai wuce ranar yanke ƙyalle ba.

Malam ya ce gyara yakan ci kuɗin sabo ko ya fi. Wani lokaci hakan na faruwa, zan zo kansa. Amma a dubi abin da ke fara mutuwa a gini a ƙasarmu. Kwano ne, da silin, da wayoyin wuta, da bututun ruwa, da tagogi, da banɗaki. Tushe da ginshiƙai da bango, inda mafi yawan siminti da rodi suke kwance, sukan daɗe ƙwarai in an yi su da kyau tun farko. Rushe su yana nufin a biya kuɗin katafila, a biya tifa ta kwashe ɓaraguzai, sannan a sake sayen abin da aka riga aka mallaka. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma a kasuwannin ƙasar nan. Da wannan farashi ake so a jefar da bangon da aka biya tun siminti yana araha? Ga kuma abin da duniya ta damu da shi yanzu: sarrafa siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon da ke ɗumama duniya. Mu da hamada ke cin gonakinmu a Arewa, ba mu ne za mu ce wannan maganar Turawa ce ba.

Anne Lacaton da Jean-Philippe Vassal, 'yan Faransa biyu da suka karɓi kyautar Pritzker a 2021, mafi girma a wannan sana'a, sun yi suna ne a kan ƙin rusau. A unguwar Grand Parc da ke Bordeaux, sun gyara gidaje 530 na talakawa da aka gina tun shekarun 1960, suka ƙara wa kowanne faffaɗar baranda, ba tare da an tashi mazauna ba, a kan kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da rushewa da sake gini zai ci. Abin da ya kamata ya tsaya mana a rai shi ne inda Vassal ya fara aiki: Yamai, a farkon shekarun 1980. A maƙwabtanmu ya ga yadda ake yin abu mai amfani da ɗan abin da ke hannu, ya koma gida ya gina suna a kai. Mu kuma muna neman mu sayo abin da su suka fara gudu.

Akwai kuma haɗarin da Malam bai ambata ba ko sau ɗaya. A 2012 kwamitin da Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta ya zagaya jami'o'in gwamnati don tantance buƙatunsu, ya ƙirga ayyukan gini 701 da ba a kammala ba, 163 daga ciki an yi watsi da su ɗungurungum. Duk wanda ya yi karatu a jami'ar gwamnati ya san kangon nan: ginshiƙai a tsaye, rodi ya miƙe sama ya yi ja, ciyawa ta cinye allon da ke ɗauke da sunan ɗan kwangila. Babban gini ba ya amfani sai an gama shi. In kuɗi suka yanke a hawa na biyu, ko gwamnati ta sauya, ko naira ta faɗi, an rasa tsohon kuma ba a sami sabon ba, ɗalibai su koma aron aji a wata tsangaya. Gyara kuwa ana yinsa kashi-kashi. Bana a sauya rufi a gyara wuta, baɗi a buɗe bango a haɗa ajujuwa, shekara ta uku a ɗaga sabon zauren zane a gefe. Duk inda kuɗi suka tsaya, abin da aka yi yana aiki.

Na san abin da ke sa mutane irin su Malam ƙyamar gyara, kuma ba su yi laifi ba. Mun saba ganin an ware kuɗi masu yawa da sunan gyara, a ƙarshe fenti kawai aka shafa, aka sauya ƙofar gaba, damina ɗaya ta tona asiri. Wannan kwaskwarima ce, kuma ni ma ina adawa da ita. Sai dai hannun da ke cin kuɗin gyara shi ne zai ci na sabon gini, kuma a can ya fi samun wurin ɓuya, domin rodin da aka rage a cikin kankare ba mai ganinsa sai ranar da ya gaza. A sashen zanen gine-gine akwai maganin da sauran sassa ba su da shi: mutanen da suka iya karanta takardar ƙididdigar kayan aiki. A manna ta a allon sanarwa. A bar ɗalibai su ƙirga fallen kwanon da aka kawo, su auna kaurinsa, su gwada da abin da aka rubuta. Ɗan kwangilar da ya san idanu ɗari biyu masu ilimin abin suna kallonsa zai yi hattara.

Sai maganar gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, wadda ita ta fi damuna. Duk wanda ya yi watan Maris a Keffi ya san zafinta kafin saukar ruwan farko. Bangon gilashi mai fuskantar yamma yana shigo da wannan zafi ya kulle shi a ciki, ba abin da zai fitar da shi sai na'ura, na'ura kuma sai wuta. An cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin farko zuwa naira 225 kan kowane ma'auni, manyan jami'o'i suka fito suna kokawa cewa kuɗin wuta na neman durƙusar da su. Ɗora wa jami'ar jiha ginin da ba ya shiguwa sai janareta na ruri, ɗaukar Dala ba gammo ne. Ranar da dizal ya ƙare, ɗalibai za su kwashe allunansu su koma gindin bishiya, ginin ya zama na ɗaukar hoto.

Tsofaffin gine-ginen makarantun gwamnati a Arewa, irin salon da aka san manyan makarantu da shi kamar Kwalejin Gwamnati ta Keffi da aka kafa a 1949, inda marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi karatu, an yi su ne a lokacin da ba a dogara da wuta ba. Dogon gini mara kauri, baranda ta tare rana, tagogi a bango biyu masu fuskantar juna iska ta ratsa, silin mai tsawo zafi ya hau sama, rufi ya zarce bango ruwa ya zuba nesa. Malam ya kira wannan ragowar zamanin Turawa. To, inuwa da iska ba na Bature ba ne. Maginanmu sun san su tun kafin ya zo, shi ma rana ce ta koya masa. Sau da yawa abin da ya sa irin waɗannan ɗakuna suka zama masu zafi yau, mu ne muka yi shi daga baya: an toshe baranda an mayar ofis, an cire tagogi masu buɗewa gaba ɗaya an sa na zamiya masu buɗe rabi, an sauko da silin, an sare bishiyoyi an shimfiɗa kankare don ajiye motoci. Gyara na gaskiya yakan fara da warware waɗannan.

Malam ya ce gini yana zaburar da ɗalibi, kuma makarantun duniya da ake ji da su suna cikin gine-gine na alfarma. Mu duba. A ranar 13 ga Mayun 2008 gobara ta cinye ginin tsangayar zanen gine-gine ta Jami'ar Fasaha ta Delft a ƙasar Holan, ɗaya daga cikin mafiya girma a Turai. Ƙasa ce mai arziki, da ta so da ta gina sabo. Sai suka koma wani tsohon ginin jami'ar na farkon ƙarni na ashirin, suka gyara shi, suka rufe filaye biyu na tsakiyarsa, ɗaya ya zama katafaren wurin haɗa samfurin gini. Har yau suna ciki. Da gilashi suka rufe filayen, gaskiya ne, domin su rana suke nema. Mu inuwa muke nema, don haka dabarar za mu ɗauka, mu bar musu gilashin. A Jami'ar Yale ta Amurka, ginin da Paul Rudolph ya zana aka buɗe a 1963 ya sha gobara a 1969, ya sha gyare-gyaren da suka ɓata shi, mutane da yawa ba sa sonsa. Ba a rushe shi ba, a 2008 aka kammala gyara shi tare da ƙara masa sabon ɓangare a gefe. A gida kuwa, makarantar da ta fi kowace daɗewa a wannan fanni a Najeriya ta faro ne a Ibadan a 1952, ta komo Zariya a 1955, shekara bakwai kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello. Sunan da ta yi, malamanta da ɗalibanta ne suka yi mata shi.

Amma misalin da nake so Malam ya tsaya a kansa yana ƙasar Hausa, a Dandaji, wani gari a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. Akwai tsohon masallacin Juma'a na ƙasa a garin, aikin da ake dangantawa da Alhaji Falke Barmu, maginin da masallacinsa na Yama ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Masallacin ya tsufa, ya yi wa jama'a kaɗan, maganar rushe shi ake yi a gina na siminti. Hujjar mutanen garin irin ta Malam ce, kuma su ma ba ƙarya suka yi ba. Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar mai zanen gine-gine, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, suka kawo wata shawara: a gina sabon masallaci babba a gefe, a gyara tsohon ya zama ɗakin karatu. Aka nemo maginan gargajiya suka shiga aikin gyaran, aka gina sabon da bulon ƙasa da ake matsewa da inji, ƙasar da aka haƙo a yankin. A 2018 aka kammala. Garin ya sami masallacin da ya ishe shi, yara da mata suka sami wurin karatu, ginin Falke yana tsaye, kuma yau ana nazarin aikin a makarantun zanen gine-gine na duniya. Ba su zaɓi tsakanin tsoho da sabo ba, kowanne aka ba shi aikin da zai iya. Wannan shi ne abin da nake nufi da gyara da faɗaɗawa.

Mun kuma san ɗaya hanyar. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, yana cikin manyan abubuwan da hannun Bahaushe ya taɓa yi: bakan gizo na azara da ƙasa, rufi mai ɗaurin guga, zane a jikin ginshiƙai. A shekarun 1970 aka gina sabon masallaci na kankare ya lulluɓe abin da aka bari na tsohon. Mai son ganin kamannin ginin daga waje yau sai ya tafi Jos, gidan tarihin gine-ginen gargajiya da Zbigniew Dmochowski, ɗan ƙasar Folan, ya assasa, ya ga kwaikwayonsa. Keffi, garin Abdu Zanga, ta daɗe ƙarƙashin Zazzau, wannan gado nata ne ita ma. Ba na cewa ajin da aka gina da bulo a ƙarni na ashirin ya kai darajar aikin Babban Gwani. Abin da nake cewa, yaron da darasinsa na farko a jami'a shi ne “tsoho sai katafila”, shi ne gobe zai sa hannu a takardar rushe zaure ko soro ko ƙofar gari ba tare da ya ji komai ba.

Ba kowane gini ne ya cancanci a bar shi ba, kuma kada a ɗauka ina kare kango don tsufansa. Kafin a yanke hukunci, injiniyan gini mai rajista ya haƙa gefen tushe ya gani, a gwada ƙarfin kankare, a duba rodi, a duba katakon rufi ko gara ta cinye shi. Idan tushe ya zauna, ko ginshiƙai sun ruɓe, a sauke wannan ɓangaren, ran ɗalibi ya fi bango. Tsofaffin rufi da silin na asbesto, waɗanda ƙurarsu ke cutar da huhu, a cire su da kariya, ba a ba leburori guduma su farfasa ba. Ɗalibi mai keken guragu ya iya shiga kowane ɗakin zane da banɗaki. Bambancina da Malam shi ne shi ya yanke hukunci kafin a duba. A duk rubutunsa bai ce ga tsaga, ga tushen da ya nutse ba. Shekaru da kamanni kawai ya kafa hujja da su.

Ga yadda nake hango aikin a Keffi. Dogon ginin da gwaji ya nuna lafiyarsa lau, a bar shi. A fasa wasu bangayen tsakiya inda injiniya ya yarda, aji biyu ko uku su zama ɗakin zane guda. A buɗe barandar da aka toshe, a mayar da tagogi masu shan iska, a sauya kwano, a sa abin tare zafi a ƙarƙashinsa, a ɗora faifan sola a sama don fitila da fanka da kwamfuta. Ƙananan ɗakuna su zama ofisoshin malamai da ɗakin karatu da ma'ajiyar zane. Abin da tsohon ba zai iya bayarwa ba, wato babban zaure mara ginshiƙi a tsakiya, shi za a gina sabo: a miƙe shi daga gabas zuwa yamma don dogayen bangayensa su fuskanci kudu da arewa, a ɗaga rufinsa, a bar masa kafar fitar zafi a ƙololuwa. Tsakanin tsohon da sabon a bar tsakar gida mai inuwa, inda za a riƙa baje zane ana muhawara. A bayansa a yi rumfar aiki, wurin kwaɓa ƙasa da buga bulo da walda da aikin kafinta, a ɗauki ƙwararren magini da birkila da kafinta daga cikin gari a matsayin masu koyarwa, da albashinsu da mutuncinsu.

Jar ƙasa tana nan birjik a yankin Keffi, kuma bulon ƙasa da aka matse da ɗan siminti ya nuna ƙarfinsa a Dandaji da kuma makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso, wadda Francis Kéré ya gina a 2001, shekara ashirin da ɗaya kafin ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker. Sai dai ruwan Keffi ya fi na Tawa yawa nesa ba kusa ba, daga Afrilu har Oktoba ana zuba. Bangon ƙasa a nan sai an ɗora shi kan dakalin dutse ko kankare, rufi ya zarce sosai, a yi wa ruwa magudana. Nawa ne kason siminti da ya dace da ƙasar wannan yanki, kuma wane irin yaɓe ne zai jure daminarmu? Wannan bincike ne da sashen zai iya yi a jikin bangonsa, ya miƙa sakamakon ga magina daga Keffi har Akwanga da Nasarawa.

Abu ɗaya zan roƙa a cikin kasafin, ko shawarata aka bi ko ta Malam: a ware kuɗin kula da ginin kowace shekara, a ɗora alhakinsa a wuyan mutum guda da aka sani. A share indararo da magudana kafin damina, a ɗaure kwanon da iska ta ɗaga a makon da ta ɗaga shi, a gyara famfon da ke ɗiga kafin ya jiƙa tushe. Rashin wannan ne ya tsofar da gine-ginen da Malam ke kuka da su, kuma benen gilashi ya fi su buƙatarsa, kayan gyaransa ma sai an yi oda.

Ga tayin da nake yi wa Malam. Kafin a rubuta wa TETFund takarda, a ba ɗalibai da malamansu zango guda su auna ginin da ake magana a kai, injiniya ya yi gwajinsa, masu ƙididdigar gini su fitar da lissafi biyu, na rushewa da sake gini da na gyara da ƙari, kowanne haɗe da kuɗin wuta da na kulawa na shekara ashirin. A kafe su gefe da gefe a bango, a gayyaci shugabannin jami'a da maginan gari, shi ma Malam ya zo. In lissafin rusau ya fi sauƙi kuma gwaji ya ce ginin ba zai ɗauka ba, zan goyi bayan a sauke shi.